Karan Ladi Ya Fi Nawa Tsawo

Warin kalwa a kan wuta ba ƙanshi ba ne, ban kuma taɓa jin wanda ya kira shi ƙanshi ba. Yana shiga zani, yana shiga kitso, yana bin mutum har cikin aji. Amma duk ranar da iska ta kawo mini shi, ko daga bayan katangar wani gida ne a Rijiyar Zaki inda nake koyarwa yanzu, sai in tsaya cak in kasa kunne, ina jiran ƙararrawar keke. Tare suka zo a ranar, warin da ƙararrawar, tare kuma suka zauna a kaina. Tukunyar daddawar Inna tana tafasa a tsakar gida, malaminmu na Turanci yana jingine kekensa a ƙofar soro. Ya zo ne a yanke wadda za ta tafi makarantar kwana tsakanina da Ladi, da wadda za ta zauna a gida.

Ban kai shekarun da mace za ta zauna tana ba da labarin da ba. Sai dai wurin da na tashi ya riga ni tsufa, har ya riga ni mutuwa, wanda kuwa garinsa ya mutu ya bar shi tsoho ne ko da furfura ba ta fito masa ba. A makon jiya aka sare ɗorawar gonar Baffa. An yanka gonar fulotai, an kafa duwatsun siminti a inda gamba take, ɗorawar kuma ta faɗo a tsakiyar inda wani zai yi falo. Wuni ɗaya injin ya yi yana kuka a jikinta. Da na je da yamma ban gane wurin ba, sai da na nemi rijiya da ido na auna daga can.

A da, babu daji ko kaɗan a wajenmu, amma babu gari kuma. Gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowace gona a manne da 'yar'uwarta, layin gamba ko na lalle ne kawai yake gaya maka inda ta wane ta ƙare. Ƙasar ba ta hutawa, don haka ake ciyar da ita kamar mai jego. Da rani jakuna suke dawowa daga birni da mangala cike da taki, a jibge shi tuli-tuli a gona har ruwa ya sauka. Da damina awaki suna turke, mu yara muke yankar musu ciyawa kafin mu tafi makaranta, shi ya sa hannunmu kullum yake kore a jikin littafi. Da kaka a ɗora harawa a kan rassan bishiya. Da bazara ɗorawa ta nuna, bakin kowane yaro ya koma rawaya. Ba ma duba kalanda. Abin da yake makale a tafin hannunka shi yake gaya maka watan da ake ciki. Yanzu duk watanni kamarsu ɗaya: ƙarar injin buga bulo, da tifa tana juye yashi.

Ina ƙarama mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta koma garinsu can wajen Bagwai. Baffa, wan mahaifina, shi ya ɗauke ni ya ba matarsa, Inna. Ladi 'yarsu ce ta fari, damina ɗaya ta ba ni. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, ajinmu ɗaya. Bambancinmu a bakin Inna yake. Ni ce "'yata", ni ce "Jummai ta Inna". Ladi kuwa "ke" ce, ko "waccan", ko "yarinyar nan". A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Kunya ce, kuma mace tana alfahari da ita. Amma ba a barin yaron haka kawai, kakarsa ce take tsaya masa. Abin kamar mata biyu ne a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Idan Baffa ya kawo atamfar salla kala biyu, Inna za ta miƙo mini mai kyan, ta ce da ƙarfi, "Waccan ko tsumma ya ishe ta." Sai muryar Kaka ta fito daga ɗaki: "Ƙarya kike! Kawo su nan in gani." Ta jujjuya, ta zaɓar wa Ladi, Inna ta yi tsaki tana ɓoye murmushi. Kowa ya san wasan, kowa ya san inda nasa yake farawa.

Wani abin kuma, a gidanmu ba a gwada abu da abu a fili. Idan Baffa ya dawo daga gona ya fara cewa, "Bana dawarmu ta fi ta…" Kaka ba ta bari ya kai ƙarshe. "Rufe mini baki, ce tubarkalla. Ka auna ta ne da za ka gwada ta da ta wani?" Tsoron baki take yi, kuma ba ta son a ci fuskar maƙwabci ko a bayan idonsa. Haka na tashi ina jin maganganu masu rabi, an fara an sake su a iska, kowa ya gane sauran a ransa.

Sai ga shi a makaranta an kawo mana mutumin da ba ya ƙaunar rabin magana. Babarbare ne, amma haihuwar Kano, kakanninsa fatauci ya kawo su suka zauna. Daga Bacirawa yake tuƙo keke kullum, lokacin tsakaninmu da can gonaki ne zalla. Dogo ne siriri, alli ya cinye masa yatsu. Mun sa masa suna Malam Ƙarasa, don kalmar ba ta barin bakinsa. Yana da wata hanya tasa da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Idan an girbe dawa sai ya ce kowa ya zo da kara ɗaya. Ya tsayar da kai a jikin bango, ya auna karan da tsayinka, ya yanke da 'yar wuƙarsa, ya rubuta sunanka a jiki. Duk kararen a jingine su a lungun aji, kamar mu ne muka taru muna gyangyaɗi a tsaye. Da su yake koya mana yadda ake cewa wani ya fi wani da Turanci.

Ya ɗauko biyu ya haɗa gindinsu a ƙasa. "Wannan na wa?"

"Na Ladi!"

"Wannan guntun fa?"

"Na Jummai!"

"To Ladi, faɗa mana."

Ladi ta miƙe, ko tunani ba ta yi ba. "Jummai is shorter than me."

Malam ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa. "Ƙarasa!"

"Ai na ƙarasa, Malam."

"Kin gina rumbu kin bar shi ba jinka. Jummai, rufe mana shi."

Na tashi a hankali ina murza bakin hijabi. "Ladi is taller than I am."

"Kun ji? Ko ruwa aka yi yanzu ba zai shiga ba."

Dokarsa ke nan. Idan ka ce wani ya fi wani, dole ka dawo da mutum na biyun ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen jimla, da aikinsa a hannu: I am, she is, we do. Kuma ba ka isa ka ce wannan gonar ta fi kyau ka yi shiru ba. Ta fi ta wa? Yakan ce wanda ya fara gwadawa ya ɗauki nauyin mutum biyu, ba shi da ikon sauke ɗaya a hanya.

Ladi ba ta taɓa yarda ba. "Malam, a rediyon Baffa na ji Baturiya da bakinta ta ce than me."

"Baturiyar ce za ta duba takardarki, ko ni?"

"Amma yarenta ne."

"Zauna, 'yar gardama. Allah Ya haɗa ki da miji mai haƙuri."

Aji ya tuntsire da dariya, shi ma yana yi, amma jan bironsa bai taɓa ɗaga mata ƙafa ba. Ni kuma jan biron nan kawai nake gani. Ban ga cewa kafin malamin lissafi ya gama rubuta tambaya Ladi ta riga ta rufe littafi ba. Ban ga cewa karatun da aka yi sau ɗaya a aji tana maimaita mini shi a hanyar rijiya kalma bayan kalma ba, don ni a lokacin da ake yi hankalina yana kan wata hasbiya a reshen darbejiya. Abu biyu gare ni, rubutu mai kyau da dokar Malam. Na riƙe su kamar gado.

Akwai ranar da har yau ba na son tunawa. Malam ya ce kowa ya zo da jimlar gwadawa daga gidansu. Wani ya kawo ragonsu da na maƙwabta, wata ta kawo tuwon kakarta. Ni na fita gaban allo na rubuta da kyakkyawan rubutuna: Inna loves me more than Ladi. Malam ya ce, "Ƙarasa." Na goge ƙarshen na gyara: more than she loves Ladi. Ya daɗe yana kallon allon, ya kalle ni, ya kalli bencinmu.

"Jimla ta yi daidai," ya ce. "Goge ta."

"Bar ta, Malam," in ji Ladi tana dariya, "ai gaskiya ce. Ko sunana ba ta iya ba."

Yara suka yi dariya, don kusan kowa yana da irin wannan uwar a gida. A hanyar komawa ta yi gaba ta bar ni, abin da ba ta saba ba. Amma da na iso gindin ɗorawa na tarar tana jirana, ta ɓare guda ta miƙo mini rabi.

A shekararmu ta ƙarshe a firamare yanar ido ta kama Kaka. Da farko hasken ƙofa take gani, daga baya shi ma ya tafi. A daidai lokacin aka kawo fom na jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Baffa ba maƙiyin boko ba ne, da so samu ne da mu biyun ya tura. Amma Inna tana kulle kamar kowace matar aure a wajenmu, yarinya ce ƙafarta: ita za ta ɗebo ruwa, ita za ta kai daddawa talla, ita za ta kai saƙo gidan suna da gidan gaisuwa. Ƙannenmu maza ne, kuma ƙanana. Ga Kaka tana bukatar hannun da zai kai ta bayan gida ya dawo da ita, ya nuna mata alƙibla, ya cire mata ƙaya a kifi. Ɗaya za ta tafi, ɗaya za ta zauna, babu ta uku. Baffa ya yi kwanaki yana shiga yana fita. A ƙarshe ya ce shi ba zai zaɓa ba, a kira wanda ya san kanmu ya faɗi wadda ta fi.

Bayan la'asar Malam Ƙarasa ya iso. Zafin bazara bai sauka ba, kalwa tana kan wuta tun jiya, don sai ta kwana ta wuni tana dahuwa kafin ɓawonta ya saki. Ladi ta riƙo Kaka ta zaunar da ita a bakin soro ta ciki, inda za ta ji baƙo ta kuma ji tsakar gida. Mu Fulanin gida ne da muka daɗe da mance Fulatanci, amma Kaka ba ta mance wasan da ke tsakaninmu da Barebari ba.

"Wa nake ji? Babarbaren nan ne mai karya wa jikokina harshe?"

"Ni ne, Iya. Na zo in ga ko Fulani sun koyi ba baƙo abin da ya wuce ruwa."

"Yaushe bawan gida ya fara zaɓen abin sha? Ku ɗebo masa ruwan kalwa."

"In dai ke za ki fara kurɓa, na yarda."

Baffa ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya juyo gare mu. "Ku biyu, ku tafi rijiya. Randa ta yi ƙasa." Randar a cike take, mun sani, amma muka ɗauki tuluna muka fita.

Mun kai rabin hanya Ladi ta dafa kai. "Na mance gammo." Na ce ta naɗa ɗankwalinta, ta ce sabo ne, ba za ta ɓata shi ba. "Ta kafar awaki zan shiga, Baffa ba zai gan ni ba." Akwai wata kafa a zanan baya da awaki suka yi, kusa da murhun Inna. Ta ruga, ni na ƙarasa rijiya na zauna a bakinta. Ina tuna yadda na leƙa na ga fuskata can ƙasa, ƙarama, cikin da'irar sama, ina raya yadda zan yi kama cikin kayan makarantar kwana. Na yi addu'a a ba ni. Ban yi addu'a a hana ta ba, amma na san abu ɗaya ne.

Ta daɗe. Da ta dawo gammon yana hannunta, idonta ja.

"Me suka ce?"

"Ina na sani? Hayaƙi kawai na tarar."

Ta karɓi guga ta cika tuluna kafin nata. Ladi takan yi waƙa idan tana jan guga, tana sa sunayen malamai a ciki tana tsokanarsu. Ranar igiya kawai na ji tana gogar itacen bakin rijiya.

Da muka dawo babu keke a ƙofa. Baffa yana tsaye a tsakar gida, ya ce, "Jummai, ke za ki cika fom. Allah Ya sa albarka." Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yata za ta zama malama," fuskarta a cikin tururin tukunya. Kaka tana zaune inda muka bar ta. Ta lalubo wuyan hannun Ladi ta riƙe da hannu biyu. Ni kuwa ban yi mamaki ba. Malam ya zo, an tambaye shi, ya ƙarasa jimla kamar yadda ya saba, kuma wa zai zaɓa in ba wadda take rufe rumbu ba?

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Ranar da na je yi masa sallama na tarar yana ɗaure kararenmu da igiya zai kai wa wata tsohuwa ta yi makamashi, haka yake yi duk ƙarshen shekara. Na durƙusa na ce, "Malam, na gode da ka zaɓe ni."

Ya tsaya da igiyar a hannu. "Jummai, ai ni…"

Na jira. Da na ga ya yi shiru sai wauta ta ɗebe ni, na ce, "Ƙarasa, Malam!"

Ya yi dariyar da ba ta da sauti. "Ki yi karatu na mutum biyu," ya ce, ya ɗora damin a bayan keke ya tura shi da ƙafa har ya sha kwana, bai hau ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da ƙamshi a kaina, sai ƙararrawa da layin abinci. Hutun farko Ladi ta karɓe littattafaina ta karanta su duka a gindin gadon Kaka, tana gyara mini lissafin da na faɗi. Hutu na uku ta karɓi na Turanci kawai. Daga baya ta daina tambaya, ni ma na daina kawowa, don na lura idan na buɗe akwati takan tuna wani aiki a bayan gida. Kaka ta yi tsawon rai. Ladi ta zama idonta har ta iya tafiya irin tata, a hankali, kafaɗa ɗaya a karkace. Kafin Kaka ta rasu, 'yan ajinmu da suka ci gaba sun gama sakandare.

A jami'a wata malama ta zo kan darasin nan. Ta rubuta than me da than I am a allo, ta ce duka biyun masu yaren suna faɗa, ɗaya ta baka ce, ɗaya ta takarda, kuma tsofaffin malamai ne suka mai da abin laifi. 'Yan aji suka yi dariya suna tuna bulalar da suka sha. Ni ma na yi, sannan na fita na zauna a gindin wata bishiya na kasa cin abinci. Ashe Baturiyar rediyon Baffa ba ta yi kuskure ba. Na yi niyyar gaya wa Ladi, na ɗauko maganar har ƙofar gidanta, na mayar da ita. Me za ta yi da ita? Na lallashi kaina da cewa Malam ya yi hukunci da abin da ya sani, in akwai laifi na dokar ne, ba nawa ba. Shi kuma a lokacin ya riga mu gidan gaskiya.

Yau ni nake tsayawa a gaban allo. Yaran da nake koyarwa ba su taɓa ganin dawa a tsaye ba, in na ce kara sai su ɗauka na rake nake nufi. Nakan zana musu dogo da gajere da alƙalamin allo, su kwafa, su mance. Makarantarmu ta da tana nan, amma gidaje sun matse ta har darbejiyar ta tafi, an kewaye ta da katanga mai fasassun kwalabe. Ladi ta auri wanda ta zaɓa da kanta, mai gyaran babur a Bacirawa, mutumin kirki, 'ya'yansu huɗu. Daddawa take yi kamar Inna, sai dai ita sayo kalwar take daga nesa, don ɗorawar kusa ta ƙare, masu saye ma sun ragu tun da ɗanɗanon kanti ya shiga kowace tukunya. Hayaƙi ya fara cin idonta. Abu ɗaya nake yi mata dariya a kai: 'yarta ta fari, sunanta ba ya sauka daga bakinta. A gaban surukai, a gaban baƙi, "Zainabu ta, zo nan. Zainabu ce ta ɗaya a ajinsu." Tsofaffi suna cewa Ladi ba ta da kunya. Ni na ce zamani ne, birni ya iso har cikin bakin mutane.

Ranar da aka sare ɗorawar na wuce gida wurin Inna. Baffa ya rasu, magada sun raba gona, birni kuma ya riga ya tsaya a bakin gamba yana jira. Na tarar ta ɗora tukunya tun da rana tsaka. Kalwar bara ce ta bishiyar, ta ɓoye kwano biyu, ta ce gara ta dafa ta kowa ya ɗanɗana na ƙarshe. Ta tsufa, muciya ta yi mata nauyi. Na karɓa ina juyawa, warin ya cika mini ido, na ce, "Inna, irin wannan ranar ce Malam ya zo. Allah Ya jiƙansa. Ba don ya zaɓe ni ba da ban san inda nake ba yau."

Ta tura itace cikin wuta, ta daɗe tana gyara shi.

"Bai zaɓe ki ba."

Na tsayar da muciya.

"Juya, kada ta kama," ta ce. "Da farko cewa ya yi ku duka kuna da ƙoƙari. Baffanki ya ce, Malam, ba don wannan na kira ka ba. Sai ya ce waccan. Ya ce tun da ya fara riƙe alli bai ga kai irin nata ba, in aka bar ta a gida an yi asarar da ba ta gyaruwa. Ina nan wurin ina ji."

"To me ya faru, Inna?"

"Baffanki ya leƙo ya ce, kin ji abin da Malam ya ce, ke me kika gani? To me zan ce, Jummai? Ga baƙo a soro, ga uwar miji a bakin ƙofa. In buɗe baki in ce a tura wadda na haifa, a bar marainiya da tulu? Na faɗi abin da ake faɗa. Na ce ni 'ya ɗaya gare ni, ita za ta tafi, waccan ta zauna ta yi talla, abin da ta iya ke nan. Har murya na ɗaga don kakarku ta ji da kyau. Na tsaya ina jira ta ce ƙarya kike, kamar kullum."

"Sai me?"

"Sai tafasar tukunya nake ji."

Ta goge ido da bakin zani, ta ce hayaƙi ne.

"Na jira, na jira. Na yi tari ma. Tsohuwa ta yi kamar ba ta wurin. Sai da ta zo gargara ta ce in yafe mata, wai hannun yarinyar kaɗai ta yarda da shi, da ta ji za a ɗauke shi tsoron duhu ya riƙe mata harshe. Baffanki kuwa sauƙi ya samu, ba mai cewa ya fifita tasa a kan ta ɗan'uwansa. Malam ya ce, amma Alhaji, ya yi shiru. Baƙo ne, ina zai sa baki a maganar gida? Ya ɗauki kekensa."

"Ba ki sake magana ba? Ko daga baya, tsakaninki da Baffa?"

"In ce me? In ce na fasa kunya?"

Har a lokacin, bayan duk shekarun nan, ba ta kama sunan ba. Na tuna rubutuna mai kyau a allo, na tuna Malam yana cewa in goge. Na tuna Zainabu da yadda ake kiranta a gaban kowa. Tukunya ta ci gaba da tafasa, can waje ana loda guntayen ɗorawa a mota.

Na ce, "Inna, don Allah kada Ladi ta taɓa jin wannan maganar."

Ta ɗago ta kalle ni kamar yadda ake kallon yaron da ya makara.

"Ji kuma? Ina faɗa ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin zana. Gammo ta dawo ɗauka."